Takin da Ka Zuba

Zuwa ga Malam, uban 'ya'yana,

Gaisuwa irin wadda mace take yi wa mijinta ko da ranta a ɓace yake. Allah Ya sassauta maka kwanciya, wannan addu'ar kam ban taɓa hana ka ba. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Ko kana da rai ma ba za ka karanta ba, tunda kai ne ka ce rubutun boko tonon kaza ne, ka kuma hana a buɗe wasiƙa a zaurenka. To ga shi matarka ta iya tonon kazar. Layin yana gangarawa ƙasa, alƙalamin nan bik yana ɓata mini yatsa, amma abin da zan faɗa maka ba ya bukatar kyan hannu.

Bari in fara da labarin gida, don kada ka ce ban san ladabi ba. Damina ta yi dama-dama. Rumbunka na gabas ya zube da ruwan farko, gara ta cinye ƙafafunsa, ba wanda ya tada shi. Ƙanenka Nomau ne yake riƙe da gandu, yana noma shi yadda yake yin komai, rabi da hauya rabi da baki. Tabki ya cika bana, masunta suna samun tarwaɗa har suna kaiwa Maraɗi. 'Yarka Hadiza ta sake haihuwa a Safo, namiji, sun sa masa sunanka, ga wani sunan kuma da bakina ba zai kira ba. Gyaɗa ta ƙi ƙasar nan, mutane sun koma wake. Ni kuma gwiwa ce, da rashin barci, da faɗuwar gaba duk sanda na ji mota ta tsaya a ƙofar gida.

Amma ba don rumbu ko tarwaɗa na sayi kaye, littafin rubutun nan, ba. Don ɗanka ne.

Ka san bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Tun ranar suna tsofaffin gidanku suka koya mini kunyar ɗan fari. Kada in kira shi, kada in ɗauke shi a gaban mutane, in ya faɗi in kau da kai wata ta ɗaga shi. Na kiyaye, har ana misali da ni a unguwa. Yaron nan nake ce masa har yau da ya yi furfura. Sai dai ba wanda ya ce mini kada in rubuta. Haruna. Ga shi nan. Shi ne abu na farko da na roƙi malamar karatun manya ta koya mini, kafin nawa sunan.

Kai ka ba da shi lakkwal, makarantar boko, ba ni ba. Da dogari ya zo neman yaro ɗaya daga gidanku, Nomau ya ɓoye nasa a cikin rumbu, kai kuma ka kamo namu ka miƙa don kada a ce ka ji tsoro. Ban yi kuka a gabanka ba, ba a yarda in yi ba. Daga baya da yaron ya riƙa cin jarrabawa sai abin ya zama hikimarka. Ya tafi Yamai, ka ce kai ka hango. Ya tafi Dakar, shekarun da aka sami 'yancin kai, ka ce jininka ne. Ya gama digirin lisans a kan ilimin tsirrai da ƙasa, aka ƙara tura shi Faransa, kana zaune a bakin masallaci kana faɗa wa mutane sunayen garuruwan da ko kai ba ka iya faɗarsu daidai ba. Ranar da ya dawo ka yanka rago, ka riƙe hannunsa kuka zaga gari kana cewa ga ɗana injiniya. Ka tuna? Ina tambayarka ne don daga baya ka yi kamar an tsinto maka shi a hanya.

Aka ba shi aiki a gonar gwaji ta gwamnati kusa da Maraɗi. Kowace Juma'a yana zuwa a kan ɗan babur ɗinsa mobilet, wandonsa duk ƙasa. Wasu 'yan boko in sun zo gida kujera suke nema, shi kuwa gona yake wucewa, ya durƙusa ya damƙi ƙasa ya murza ya shinshina, ya zuba a 'yan jakunkuna. Ya ce jigawarmu ta gaji, gyaɗa ta tsotse ta, kuma mutane sun yi yawa, ba a barin gona ta huta kamar da. Ya ce gonar gwamnati ta sha gata, abin da ya yi kyau a can ba lalle ya yi wa talaka ba. Yana son gonar mutum ta gaskiya, damina uku, ya gano abin da zai tada ƙasar da ta mutu ba tare da manomi ya sayar da akuyarsa ba. A kan wannan aikin ne za a ba shi babbar takardar da ta rage masa, wadda ake ce wa mai ita dokta.

Kai ka ba shi. Ba wanda ya tilasta ka. Kuma kai ka zaɓi kusurwar da ke bakin hanyar Ɗan Issa, don masu wucewa su ga aikin ɗanka.

A tsakar gidan nan ya yi maka bayani, ina bakin turmi ina ji. Ya ce zai yanka wurin fegi-fegi da turaku da igiya. Wani fegin a sa masa angire, takin nan na buhu, wani takin shanu, wani a haɗa gero da wake. Wasu kuma ba za a sa musu komai ba, ko kashin kaza, har damina ukun ta ƙare. Ya ce waɗannan su ne ma'auni, in babu su sauran ba su faɗi komai ba. Ya maimaita maka, ya ce za su yi muni, kada ka damu. Ni da ban taɓa shiga aji ba a lokacin na gane. In mace tana son ta san ko daddawa ce take gyara mata miya, ai sai ta bar tukunya ɗaya ba daddawa. Kai ma ka gane, Malam. Kada ka kwanta can ka ce ba ka gane ba.

Daminar farko fegin ma'auni suka yi rauni. Ta biyu suka yi rawaya, ƙuduji ya fito ya yi fure a cikinsu kamar an shuka shi. Haruna yana murna, yana aunawa yana rubutawa, don abin da yake nema ke nan ya fara bayyana. Kai kuwa ka daina cin tuwo da daɗi. Masu zuwa kasuwa a kan jakuna su tsaya su yi maka sannu da jinya. Wani ya tambaye ka ko fegin nan na marayu ne a taimaka da gayya. Nomau ya ce an kai yaro har Dakar ya koyo yadda ake sa gero azumi. Na san ya yi maka zafi. Kai ne mutumin da ake ƙirga damansa a garin nan, ba ka taɓa barin ciyawa ta kwana a gonarka ba. Amma dariyar masu jakuna ta fi maka ɗanka nauyi?

Da rani ya tafi Yamai taro. Ka ɗaura wa jaki mangala, ka kwashe takin awakina da na tara don gamanata, 'yar gonar tawa, na zaci fadama kake kaiwa. Ashe fegin ma'auni kake bi ɗaya bayan ɗaya, kana tona, kana turbuɗewa, kana mayar da yashi. Har da reshen sabara ka share sawunka da na jakin. Wannan daga baya kai da bakinka ka faɗa, kana dariya. To faɗa mini, mai yin alheri yana share sawunsa?

Daminar uku fegin da ba a sa wa komai ba suka fi na angire tsawo. Na ga yaron nan yana ramewa a idona. Ya auna, ya sake aunawa, ya kwashi ƙasa ya kai ɗakin gwaji, ya zargi ma'auninsa, ya zargi leburorinsa, har ya yi wa wani dattijo a cikinsu faɗan da bai cancanta ba. Ya zauna a gabanka ranar Juma'a, tuwo ya huce a kwano, yana cewa bai san inda ya yi kuskure ba. Kana kallonsa kana shafa gemu. Wata nawa ka yi kana kallonsa haka? Ko sau ɗaya tausayi bai kama ka ba?

Sai ranar baƙi, gab da girbi. Motoci suka zo da dirakta nasara da manya daga Yamai don su ga aikin. Mu mata muna ƙarƙashin kanya da ƙoren fura. Ka sa rigarka mai shuni. Nasaran ya tsaya a bakin fegin ma'auni ya tambayi dalilin da ya sa suka yi kyau haka, Haruna ya faɗi gaskiya, ya ce bai sani ba tukuna. Sai ka gyara riga ka matso, ka ce wa tafinta ya gaya wa bature cewa yaro yaro ne, duk karatunsa bai san gona ba, ya bar wasu fegi da yunwa, kai ne ka bi ka ciyar da su don ka rufa masa asiri. Ka tsaya kana jiran a yaba maka. Na Yamai ɗin suka fashe da dariya, ɗaya har yana riƙe ciki. Nasaran bai yi dariya ba, ya mayar da bik aljihu ya nufi mota.

Abin da yaron ya faɗa na ji shi da kunnena, ba zan ɓoye masa laifi ba. Ya ce ka kashe shi, ya kira ka jahili a gaban mutanen gari. Ɗa ba ya faɗa wa uba haka, ko uban ya ƙone masa gida. Amma kalma ɗaya ce ta kuɓuce wa mutumin da aka zubar wa aikin shekara uku a gaban shugabanninsa. Kai kuwa taka ba kuɓucewa ta yi ba. Ka sunkuya a hankali ka damƙi ƙasa, ka ɗaga ta kowa ya gani, ka ce duk abin da ya sa wa hannu kada ya tsaya, kuma ƙafarsa kada ta ƙara taka gidanka ko gonarka, ko kana raye ko ka mutu. Sannan ka watsar.

Ina tsaye da ludayi a hannu. Da Hadiza ce ka yi wa haka da na faɗi a ƙafarka ina ihu. Amma ɗan fari ne. Da na buɗe baki, da kafin magariba an kai labari har Safo cewa ga marar kunya tana kare ɗanta na fari a gaban maza. Ka san ba zan yi magana ba, kuma da wannan ka dogara duk shekarun da suka biyo. Ko a ɗaki in na fara zancen sai ka ce yaushe na zama uwarsa.

Bari in gaya maka abin da ya zama, tunda ka toshe kunne kana da rai. Takardar dokta ba a ƙara maganarta ba. Labarin ya riga shi zuwa kowane ofishin gwamnati, ana ce masa mai takin baba. Ya nemi a canza masa wuri, aka tura shi Damagaram ya koyar a lise, babbar sakandare, mutumin da yake son ƙasa ya koma riƙe alli. A can ya auri Mariyama, ungozoma ce, mutuniyar yamma, Hausarta da ɗan karkace amma zuciyarta a miƙe. Ba ka taɓa ganinta ba. Ba ka taɓa ganin jikokinka uku ba, babbar ma ta kusa shiga lise.

Daga Damagaram aka dawo da shi Yamai ofishin iri. Shekarun yunwa aka tura shi arewa rabon irin shuka, ya duba buhunan ya ga ƙwari sun cinye cikinsu, ya rubuta cewa ba zai ba mutanen da suka rasa komai mataccen iri ba. Wani babba bai ji daɗin takardar ba, sai aka jefa shi can gabas inda wasiƙa take yin wata a hanya. Da soja suka hau aka tuna da shi, aka ba shi aikin noman rani tare da wasu turawa, ya rubuto mini da murna. Bayan damina biyu turawan suka naɗe kayansu, injinan ban-ruwa suka tsaya, aka mayar da shi wani biro mai teburi da fanka ba aikin yi. Abokan karatunsa na Dakar kuwa, wani minista, wani jakada, ina jin sunayensu a rediyo.

Ba duka ne ya lalace ba, kada ka ji daɗi. Wani malamin asibiti da aka kawo garin nan ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Mushe Haruna, wato Malam Haruna da Faransanci, shi ne ya koyar da shi. Waken nan mai saurin nuna da mutanen ƙauyen Sarkin Yamma suke shukawa yanzu, da hannunsa a wajen zaɓensa, ko da yake ɗan gwamnati suke ce wa waken, ba mai kiran sunan ɗanka. Nomau mai zancen azumin gero kuwa, shi ne yake tsallako da buhun angire daga Najeriya a bayan keke, yana zubawa ba awo har ya ƙone wa kansa dawa bara.

Ni ban san ko bakinka ne yake bin yaron nan ba, ko kuwa halin aikin gwamnati ne da yake cin mai gaskiya. Na tambayi malamai, wani ya ce bakin uba ba ya faɗuwa ƙasa, wani ya ce Allah ba Ya zalunci. Kowanne na ba shi goro na dawo da damuwata. Abin da na sani shi ne duk sanda wani aikinsa ya rushe, ƙasar nan da ka ɗaga nake gani.

Kuma ba wai bai nemi gafara ba. Tun makon farko ya aiko dattawa, ka ce su sha ruwa su koma. Ya zo da kansa ya durƙusa a waje, a rana, don ba ya iya taka zaure, kana ciki kana jan carbi kamar ba kowa. Ya aiko da riga, ka ba Nomau. Ya aiko a tambaye ka ko za ka yarda ya kai ka Makka, ka ce ba ka zuwa ɗakin Allah da guzurin marar albarka. Wasiƙunsa in sun zo daga gidan waya sai ka ce a kai wa masu tsire su naɗe nama. Ni nake bin bayan ɗan aike ina karɓa, ina tarawa a cikin tukunya, ba mai karanta mini, don duk wanda na kai wa kafin in dawo gida labari ya iske ka.

Shi ya sa na shiga karatun manya a rumfar kwaparatib, ƙungiyar manoma, na haura hamsin, ina zaune cikin 'yan matan da na yi wa wankan jego. Ka yi mini dariya, ka ce tsohuwa da kaye kamar akuya da tabarau. Na jure. Damina biyu da rani biyu kafin baƙaƙen su daina yi mini rawa. Da na aika masa layi uku na farko da hannuna, ya dawo mini da amsa da manyan baƙaƙe irin na 'yan aji ɗaya, da Hausa, don in iya bi. A ƙarshen kowace wasiƙa sai ya ce in gaida Baba in ya yarda a gaishe shi. Na taɓa gaya maka? Na gaya maka. Ka tashi ka ɗauki buta.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Da ciwonka ya yi nauyi na ajiye kunyar, na roƙe ka, na kama ƙafarka. Ranar ƙarshe Liman Abdu abokinka ya shigo, daga ni sai shi a ɗakin, Nomau da sauran maza suna zaure. Ya ce ka yafe wa mutane don a yafe maka. Ka yafe wa Bafillacen da shanunsa suka cinye maka dawa. Ka yafe wa maƙwabcin da ya ci maka iyaka. Ka yafe wa Nomau abin da ni ma ban san ya yi ba. Sai Liman ya sunkuya ya kira sunan Haruna. Ka rufe ido ka juya fuska bango. Da muka fito Liman ya ce mini wataƙila harshe ne ya yi nauyi, in kyautata zato. Harshen da ya nemi ruwa bayan nan, ya ce kuma wanda na kawo bai yi sanyi ba? Ni aka aura wa kai, ba Liman ba. Na san shirunka kala-kala, wannan na gayya ne.

Wayar rasuwarka ta iske Haruna a makare. Ya zo, amma ya tsaya a mararrabar hanyar Maraɗi, bai shigo gari ba, tunda ka ce ko ka mutu. Na hau amalanke na je na same shi a gindin itacen bedi. Mutum mai shekara arba'in, da tabarau, yana kuka ba sauti. Bai tambaye ni abin da ka ce a ƙarshe ba, ni ma ban faɗa ba. Na ga tambayar a bakinsa, na ga ya haɗiye ta. Muka yi maka addu'a, ya hau mota ya koma.

Makon jiya Mariyama ta zo, ita kaɗai. Ba ta yarda ta rubuto ba, ta ce irin wannan da baki ake faɗa. Ɗanka ba shi da lafiya. Hanta ce. Idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ƙafa ba ta shiga takalmi. Likita ya ce ya bar aiki ya huta, kuma in ya bar aiki gidan gwamnati da suke ciki za a karɓe. Ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta san abin da take gani, kuma da na tambaye ta ko zai tashi sai ta kalli ƙasa. Ta ce ba ya zancen komai sai garin nan namu, Madarunfa. Yana son ya kwanta a ɗakin da aka haife shi, ya sha furar gero da nonon da ba na gwangwani ba, ya ga tabki. Ta ce masa su taho, ai uwarsa tana nan. Ya ce ba zai taka gidan ba sai ya san abin da ka faɗa kafin ka cika.

Ta ce ta yi masa faɗa. Ta ce masa kai da ka yi Dakar ka yi Faransa, kai da ba ka yarda da komai sai ka gwada, kai ne za ka zauna kana tsoron damƙin ƙasa? Ka san amsar da ya ba ta? Ya ce ai shi ya sa. Ya ce ba shi da wani Haruna da aka bari ba baki, da zai ajiye a gefe ya gwada rayuwarsa da tasa. Guda ɗaya aka ba shi, kuma an zuba mata abin da aka zuba, ba yadda zai san ko shi ne ya kashe ta. Ta ce yana faɗa yana murmushi. Ni da ta gaya mini sai da na fita bayan ɗaki.

To ka ji inda muke, Malam. Liman Abdu ya bi ka da azumin da ya wuce. Yanzu duk duniya ni kaɗai na san ka juya fuska bango.

Na yi istihara ban ga komai ba. Na yi tunanin in gaya masa gaskiya in ce ya zo haka nan, uwa ma tana da hakki a gidan da ta share shekara arba'in da wani abu. Amma na san ɗanka, taurin kanka ya ɗauko, sai dai shi a kansa yake sauke shi. Zai ce to, Inna, ya gode, ya mutu a ɗakin haya a Yamai, a binne shi cikin baƙi, in sami labari a takarda. Don in karanta wannan na koyi karatu?

Gobe in Allah Ya kai mu zan bi Mariyama. Ban taɓa wuce Maraɗi ta yamma ba, an ce kwana ake yi a kamyo, babbar motar kaya, an ce akwai kogin da ya fi tabkinmu, duk ina tsoro. Na daka masa gero, na ƙulla kuka da daddawa. In na isa zan zauna a bakin gadonsa in ce masa ka yafe.

Kada ka damu, ba zan sa maka zaƙin da ba ka da shi ba, don ya san ubansa, zai gane. Ba zan ce ka yi kuka ba, ba zan ce ka yi nadamar takin ba. Na daɗe ina juya maganar ina rage ta har ta yi kama da kai. Zan ce fuskarka tana bango, muryarka ƙasa-ƙasa kamar ana ƙwace maka, ka ce a gaya wa yaron nan ya dawo gida, magana ta wuce. Shi ke nan. Abin da ya gagare ka shekara goma ke nan, ko numfashi biyu bai kai ba. In ya ce me ya sa ban faɗa masa a gindin bedi ba, zan ce bai tambaya ba, ni kuma kunya ta hana ni. Kunyar nan ta cuce ni da yawa, bari ta yi mini aiki sau ɗaya. Nomau ma haka zan gaya masa, yana zaure ranar, ba shi da bakin musu.

Abin da nake gudu shi ne kada ya ce in rantse. Na san girman yi wa mamaci ƙarya, na san girman rantsuwa a kanta, ba sai ka aiko mini da mafarki ba. Ina roƙon Allah kada ya nema. In ya nema kuwa, ina jin zan rantse. Ban taɓa cin haƙƙin kowa ba, ban taɓa ɗaga maka murya ba, ban bar salla ba ko ranar da na fi jin haushinka. In wannan ce za ta ja ni wuta, to Wanda Ya ba ni ɗan Ya san dalili. Ranar tsayuwa ka tashi ka ƙaryata ni a gaban kowa, ka iya tashi a gaban mutane. Ni ma ranar ba kunyar da za ta riƙe mini harshe.

Ban ce na daina yi maka addu'a ba. Ka ciyar da ni, ka tufatar da ni, ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba, rumbunka bai taɓa bushewa ba ko a shekarun yunwa. Ina faɗa wa Allah wannan kullum. Sauran kuma yau na faɗa maka.

Na sa an yaɓe ɗakin, an canza zana, an ɗaura sabon gado. Zan shigo da shi ta zaurenka, da rana, kowa yana gani. In ya warke, nan zai zauna, ya taka duk inda ya ga dama. In kuma Allah Ya karɓi abinsa, ka san maƙabarta ɗaya ce a garin nan, kuma na riga na gaya wa masu haƙa inda nake so. Ka matsa masa wuri.

Ka huta lafiya, in ka iya.

Matarka,
Rabi 'yar Safo, da hannunta